Butar Alwala A Cikin Hamada: Amsa Ga Wani Ɗalibi

  

A wannan mako za mu ɗan jingine bayanin zakkar dabbobi da muka faro, saboda wata takarda da ta zo mana daga wani ɗalibi mutumin Damagaram. Ya ce shi da abokansa biyar sun yi shawara in hutun lokacin ɗari ya zo su tafi Agadas, daga can su shiga duwatsun Abzin su kafa tanti na kwana shida, kullum su fita da ƙafa da sassafe su yi ta kallon tsaunuka da ƙoramu, su komo zango da yamma. To, amma mahaifinsa ya ce wannan ɗabi'ar Nasara ce, yawon banza ne, Musulmi ba ya barin gida sai don neman ilmi ko fatauci ko hajji ko sada zumunci. Ɗalibin yana tambaya, shin irin wannan fita ta halatta? In ta halatta kuma, yaya za su yi da salla a can?

Da farko dai, ya kai ɗana, kada ka ɗauka maganar tsohonka ba ta da tushe. Malamai magabata sun ƙi abin da suka kira siyaha, watau mutum ya bar iyalinsa da jam'in salla ya dinga gararamba a daji ba da wata manufa ba, yana zaton wannan ita ce ibada. Babu ruhubananci a Musulunci. Har wa yau, a mazhabarmu ta Malikiyya an karhanta wa mai tafiyar shagala zalla ya yi ƙasaru, mai tafiyar saɓo kuwa an hana shi gaba ɗaya. Ka ga ke nan shari'a ba ƙafa kaɗai take dubawa ba, tana duban abin da ya tayar da ƙafar.

Amma fa akwai wata tafiya ta biyar da mahaifinka bai lissafa ba, ita ce tafiyar lura da halittar Allah. Alƙur'ani mai girma ya maimaita umurni da ita a wurare da dama, cikin Suratul An'ami da Ankabutu da Rumu da waɗansunsu. A Suratul Gashiya an jawo hankalin mutum ga abubuwa huɗu, raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa kwana a hamada ya san waɗannan huɗun su ne iyakar abin da ido ke gani a can, babu na biyar. A Suratu Faɗir kuwa an ambaci duwatsu masu zane-zane, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, sa'an nan nan take aka biyo da zancen cewa masu ilmi su ne masu tsoron Allah. Na daɗe ina karanta wannan wuri ina wucewa. Ban san nauyinsa ba sai ran da na tsaya gaban duwatsun Abzin da ƙafata.

Bari in ba ku labarin, ko da yake akwai abin kunya a gare ni cikinsa. Shekarun baya, kafin tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007, mun tafi mu huɗu tare da wani dattijo Ba'abzine wanda ya yi mana jagora. Daga Agadas muka yini cur a mota kan hanyar duwatsu kafin mu isa Timiya, garin da ke fiye da kilomita 200 arewa da Agadas. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba: ka yini kana ratsa baƙin dutse da rairayi, babu ko tsuntsu, sai kawai ka faɗo cikin lambunan dabino da lemo da rumman, ana ban ruwa daga rijiyoyi. Muka kafa zango a bayan lambunan, gindin wani tsauni. Da asuba sanyi ya kai har yatsa ba ya iya jan tasbaha.

Bayan salla da shayi muka kama hanya da ƙafa, kowa da gorar ruwansa. Dattijon nan ba shi da yawan magana, amma rairayi a wurinsa kamar allo ne. Ya nuna mana sawun barewa, ya ce da daddare ta wuce, ba ta cikin tsoro. Ya nuna sawun ragon dutse, da inda kububuwa ta ja jiki ta shige ƙarƙashin dutse, da inda ƙwaro ya bi har wani tsuntsu ya sauko ya ɗauke shi, sawun ya yanke nan. Ya nuna wani ɗan itacen ƙaya da ya tsiro cikin tsagar dutse, inda ba za ka ce akwai ƙasa cikin cokali ba. Mu da muka zo da littattafai cikin jaka muka zama 'yan makaranta. Na tuna a zuciyata cewa wannan ƙasa ba baƙuwar malamai ba ce: Ibn Baɗuɗa ya bi ta Takadda a 1353, Shehu Magili ya zauna a yankin kafin ya sauko Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Malam Jibrilu ɗan Umaru malamin Shehu Usmanu kuma ya zauna Agadas. Duk irin wannan turɓaya suka taka.

Azahar ta same mu mun yi nisa ƙwarai da zango, rana ta take, sanyin safe ya zama labari. Sai na fito da 'yar butata na tsiyaya ruwa daga gora, na zauna na fara alwala kamar ina ƙofar gidana, kowace gaɓa sau uku. Na kai ga wanke hannuwa sai dattijon ya iso ya riƙe butar. Ya ce, "Malam, wannan ruwan ba naka ba ne, na komawa ne." Ni kuwa da girman kan malanta na ce masa, "Baba, ai na karantar da Ahalari da Ishmawi fiye da shekara ashirin." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Gaskiya ne Malam, amma a bakin rijiya ka karantar da su." Sa'an nan ya juya ya bugi dutse da tafukansa ya yi taimama, sauran ma suka bi shi. Ni dai na ƙarasa alwalata, don na riga na fara, kuma don kada a ce an gyara mini.

A hanyar komowa ɗaya daga cikinmu ya gurɗe a ƙafa wajen gangarowa daga wani kwazazzabo. Tafiyar da muka yi lissafin za ta ƙare da la'asar sai ta kai mu bayan magariba. Gorata ta ƙare tun rana na sama. Harshena ya manne da ganɗa, kaina ya riƙa sarawa, na soma ganin duwatsu suna rawa. Wanda ya cece ni shi ne dattijon nan, ya miƙo mini ragowar ruwansa bai ce uffan ba, shi ya isa zango da busasshen maƙogwaro. Watau dai alwalata ta sunna da mustahabbi, wani bawan Allah mai shekara kusan saba'in ne ya biya kuɗinta. Har yau in na tuna sai in yi istigfari.

To, ga hukuncin da na sani a baki ban sani a aikace ba. Malamanmu sun bayyana cewa wanda yake da ruwa amma yana tsoron ƙishirwa in ya yi tsarki da shi, ko ƙishirwar kansa, ko ta abokin tafiyarsa, ko ma ta dabbar da ke tare da shi, to, hukuncinsa hukuncin wanda ba shi da ruwa ne, taimama zai yi. In abin da ake tsoro halaka ne ko cuta mai tsanani, taimamar ta zama wajibi a kansa, alwala a wannan hali laifi ce, ba tsantseni ba. Masana lafiya sun ce mai tafiya cikin zafin rana yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya. Alwalar Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, da mudu guda yake yinta, abin da bai kai lita ba, mu kuwa da muka saba da famfo muna zubar da ninkin wannan ba mu sani ba. Ka auna da kanka abin da buta ɗaya take nufi ga mutumin da ya rage masa tafiyar awa huɗu.

Ita taimama ma ai a irin wannan wuri aka saukar da ita. A wata tafiya sarƙar wuyan Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ɓace, Manzon Allah ya tsayar da rundunar don nema, aka kwana a inda babu ruwa, gari ya waye mutane ba su da abin alwala. Sayyidina Abubakar ya yi wa 'yarsa faɗa a kan ta tsare jama'a. Nan Allah Ya saukar da ayar taimama, da aka tayar da raƙumin da take kai kuma sai ga sarƙar a ƙarƙashinsa. Sauƙin da aka yi wa sahabbai, wane ne ni da zan ce na fi ƙarfinsa?

Yadda ake yinta sananne ne, amma tun da ɗalibinmu ya tambaya bari mu faɗa. Sai lokacin salla ya shiga, ka yi niyyar halatta salla, ka bugi ƙasa mai tsarki da tafukanka, ka shafi fuskarka duka, ka shafi hannuwanka zuwa wuyan hannu. Sake bugu na biyu da kaiwa har gwiwar hannu sunna ne. Rairayi ya isa, dutse ya isa, ba sai ƙura ta kama hannu ba. Ka yi salla nan take ba da jinkiri ba, kuma ba a sallar farilla biyu da taimama ɗaya. Wanda ya fid da tsammanin samun ruwa ya yi salla a farkon lokaci, mai kokanto a tsakiya, wanda yake sa ran isa zango ko rijiya kafin lokaci ya fita ya jinkirta zuwa ƙarshensa. Wajen biyan bukata kuma tsarkin hoge da duwatsu ya wadatar, ban da ƙashi da kashin dabbobi.

Game da ƙasaru, tafiyar da ake yin ta a cikinta ita ce mai nisan mil 48, wajen kilomita 80, a zuwa kaɗai, ba a haɗa zuwa da komowa. Saboda haka daga Damagaram zuwa Agadas, da daga Agadas zuwa cikin duwatsu, ku matafiya ne, matuƙar niyyarku ta lura ce da ilmi ba shagala ba. Amma tun da kun ƙudura kwana shida a zango ɗaya, da isarku hukuncin tafiya ya yanke, gama niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana mai da mutum mazauni. Fitar da za ku riƙa yi kullum ta mil biyar ko goma ba ta mai da ku matafiya, ko da kun gaji kamar ku faɗi. Sai ku cika salla. Alƙibla daga wannan yanki gabas take, a ɗan karkata arewa kaɗan. Ku tabbatar da ita tun da safe ta wurin fitowar rana, kada ku dogara ga wayar hannu kaɗai, don caji yana ƙarewa.

Akwai kuma ladubban zango da sunna ta koyar, waɗanda duk madugun ayarin gishirin Bilma ya san amfaninsu ko bai karanta ba. An hana mutum tafiya shi kaɗai. An yi umurni in mutum uku sun fita su shugabantar da ɗayansu, kuma shawarata a nan ita ce a kan sha'anin hanya da ruwa maganar jagora ita ce ta ƙarshe, ko da a cikinku akwai mai digiri uku. Manzon Allah ya tsawata wa sahabbai a kan warwatsuwa cikin kwaruruka in an sauka, ya hana kwana a kan turba saboda nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari da dare, ya yi umurni a kashe wuta kafin barci. Ni zan ƙara da cewa kada ku kafa tanti a cikin busasshiyar ƙorama don taushin yashinta. Ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa da kai yana iya isowa da dare alhali samanka tar da taurari. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar ƙoramar Telwa ta watan Satumba 2009 ba. An kuma hana yin bayan gida a inuwar da ake hutawa, da kan hanya, da mashayar ruwa. A birni wannan ladabi ne; a wurin da tafki ɗaya cikin dutse shi ne rayuwar makiyaya da dabbobinsu har wata da watanni, ɓata shi zalunci ne babba.

Yanzu mu koma ga abin da ake zuwa gani. A hanyarmu ta komowa mun biyo ta Dabus, tsakanin Arlit da Agadas, inda aka sassaƙa siffar raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5 tsawo. Masana sun ce aikin ya yi shekaru dubbai. Ka tsaya ka duba hagu da dama, babu abin da raƙumin dawa zai ci a wurin yau. Daga baya na karanta labarin Gobero, can cikin Tenere, inda a shekarar 2000 masu bincike suka tarar da tsohuwar maƙabarta a bakin abin da dā tafki ne, da ƙasusuwan kifi da kada da dorina cikin rairayi. Mutane sun yi su a nan, sun yi aure, sun binne 'ya'yansu, ba wanda ya san ko sunan ɗayansu. Wannan shi ne irin kallon da Alƙur'ani yake nufi in ya ce a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Da Manzon Allah ya bi ta Hijiri, garin Samudawa, a hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Ban ce mutanen Dabus ko Gobero halakakku ba ne, Allah Shi Ya san su. Abin da nake nufi shi ne kufai ba wurin shewa ba ne. Kuma don Allah kada wani ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da na garinsu a jikin waɗannan duwatsu, kamar yadda na ga waɗansu marasa ta ido sun yi.

Haka nan itace. A cikin Tenere a dā akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya tilo da ayari ke saukar zango a gindinsa, babu wani itace kusa da shi. Da aka haƙa rijiya a gefensa a ƙarshen shekarun 1930 an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Tsararraki na Abzinawa sun wuce shi cikin sanyi ba wanda ya karya reshensa ya hura wuta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, na gan ta da idona, a gurbinsa kuma an kafa na ƙarfe. In za ku dafa shayi ku tsinci busasshen itace, ko ku tafi da gawayinku.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye maka ba, ya kai ɗana. Hamadar da kake so ka je kallo ita ce wadda a watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a cikinta, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da yawa daga cikinsu kuma mutanen Kance ne, nan jiharku ta Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ba kallo ya kai su ba, talauci ne. Ina kyautata zaton mahaifinka da wannan a ransa lokacin da ya ce maka yawon banza, ko da bai faɗa ba. Alƙur'ani ya buga misalin aikin kafiri da kawalwalniya, wadda mai ƙishirwa ke zato ruwa ce. Wanda ya san hamada ya san wannan misali ba na wasa ba ne. In Allah Ya kai ka, ka yi wa waɗannan bayin Allah addu'a.

Saboda haka ga amsarka. Fita don lura da halittar Allah halal ce, tana ma iya zama abin lada in niyya ta gyaru, salla ba ta tozarta ba, kuma an yi tanadin ruwa da jagora masanin ƙasa. Amma ba farilla ba ce, biyayyar mahaifi kuwa farilla ce, kuma malamai sun haɗu a kan cewa tafiyar da ba wajibi ba iyaye suna da ikon hana ta, balle in akwai hatsari. Tun daga tawayen 2007 zuwa 2009 da abin da ya biyo baya na 'yan fashi da masu satar mutane, shiga wannan yanki ya daina zama yadda na san shi, don haka wajibi ne ku tambayi hukuma a Agadas halin da hanya take ciki kafin ku ɗaura kaya, in an ce kada a shiga, to, magana ta ƙare. Ka sami tsohonka bayan sallar isha'i, lokacin da ransa yake sanyi, ka karanta masa wannan takarda, ka gaya masa wane ne jagoranku, da ranar tafiya da ranar komowa. In ya amince, ka nemi albarkarsa ka tafi. In ya ƙi, ka haƙura ka bar abokanka su tafi, kai kuwa ka hau duwatsun da ke cikin garinku na Damagaram da hantsi ka zauna ka duba. Su ma ba kai ka kafa su ba.

Ɗalibin ya ƙara da tambaya a kan sallar Juma'a in ta riske su a zango, da hukuncin haɗa azahar da la'asar a kan hanya. Fili ya ƙure mana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, daga nan mu koma kan zakkar raƙuma inda muka tsaya.